Yadda Za Ka Kare Kanka Daga Rauni a Kan Sikuta Mai Lantarki

Matsalar sikuta, wato ƙaramin abin hawa mai taya biyu da ake tuƙawa a tsaye, daga tayarta take farawa. Tsayin tayar inci 8 zuwa 10 ne kawai, ramin da keke zai haye ba tare da ya ji ba sai ya riƙe ta cak. Kai kuwa a tsaye kake, nauyinka yana sama. Taya ta tsaya, jiki ya ci gaba, sai ka tsallake kan sikutar, goshi ko haɓa su fara isa ƙasa. Gudun kilomita 25 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita biyu da rabi.

Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan mutum 249 da aka kai asibitoci biyu a kudancin Kalifoniya ya nuna kashi 40 cikin ɗari a ka suka ji rauni. Mahayan da suka sa hular kwano ba su kai kashi 5 ba.

Nemi hula mai tambarin inganci na EN 1078 (na Turai) ko CPSC (na Amurka) a cikinta. Ta zauna daidai, tazarar yatsu biyu sama da gira, kar a tura ta ƙeya goshi ya zauna a buɗe. Madaurin ya haɗu ƙarƙashin kowane kunne, a haɓa kuma yatsa ɗaya ko biyu kawai su shiga. Hular da ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba ta tsage ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake matsewa. Hular keke ba ta rufe fuska, mai yawan gudu gara ya sa mai kāre haɓa.

Kafin ka hau, girgiza sandar tuƙi, ka tabbatar makullin da ke hana ta naɗewa ya kama, ka gwada birki. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe. In za ka ja birki, durƙusa kaɗan ka mai da nauyi baya tukuna. Hannu biyu a kan abin tuƙi kullum, ba goyo, ba hawa cikin maye.

In kai ya bugu, kar a ce ai ya tashi yana magana. Jini kan taru a hankali cikin ƙoƙon kai, mutum ya yi sa'o'i garau sannan ya zube. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, rikicewa, barci mai nauyi, farfaɗiya, ko ruwa daga hanci ko kunne: asibiti nan take. Mai shan maganin tsinka jini ya je ko ba alama. Wanda ke kukan ciwon wuya a bar shi kwance, a tallafe kansa har taimako ya iso.