Yadda Ake Mayar da Ginin Tukwane Sana'a

Wanda yake son ya rayu da ginin tukwane ya fara da zama wurin gwani, domin hannu ba ya koyon yumɓu daga littafi. Ladi Kwali, wadda hotonta yake kan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tulu da randa, kafin a shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya kafa a Suleja. Mai neman ilimin zamani kuwa yana iya karanta fannin a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Daga nan sai sanin yumɓu, kuma a ganina a nan ne yawancin sabbin magina suke yin asara. A jiƙa shi, a tace tsakuwa, sannan a cuɗa shi sosai har iska ta fita. Abin da aka gina a shanya shi a inuwa ya bushe sannu a hankali, domin tukunya mai sauran danshi fashewa take yi a wuta. Gashin gargajiya da ciyawa da itace ya wadatar ga tulu da kasko, amma kofuna da farantai masu sheƙi suna buƙatar murhu mai kai zafin digiri 1,000 ko fiye a ma'aunin Celsius.

Wajen sa farashi, a lissafa kuɗin itace, da dako, da kayan da suka fashe. A ɗauki hoton kayan cikin hasken safiya a tallata su a Instagram, a kuma nemi masu otal da masu sayar da furanni, tun da su sukan sayi da yawa.