Tsohon injin yankan ciyawa: a gyara shi ko a sayi sabo?

Injin da ya daɗe a ajiye, ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami bai ce uffan ba, galibi ƙaramin abu ne ke damunsa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai tashi da ja ɗaya amma yana karkarwa har hannunka ya mutu, ko yana ta feso shuɗin hayaƙi, ko ƙarfen jikinsa ya fara ɓurmawa. Don haka kafin ka sayi ko da filogi ɗaya, duba wurare uku da gyaransu ke cin kuɗi: sandar da ke juya wuƙa, wato kiranshaf, da cikin injin, da kwanon ƙarfen da ya rufe wuƙar. In ukun nan suna da lafiya, sauran duk mai sauƙi ne.

Da farko cire hular filogi ka kawar da ita gefe, domin juya wuƙa da hannu na iya tayar da injin. Sa safar hannu mai kauri. In za ka kwantar da shi, ka tabbata ɓangaren kafireta (inda fetur ke gauraya da iska) da matatar iska yana sama. In ka kifa shi ta ɗaya ɓangaren, baƙin mai zai gangara ya jiƙa matatar, ka jawo wa kanka matsalar da babu ita a da.

Fara da sandar. Idan wuƙa ta daki dutse ko kututture tana cikin gudu, ƙarshen sandar yakan lanƙwashe, alamarsa kuwa karkarwa ce da ta fara tun daga ranar. Amma wuƙar da ta lanƙwashe, ko wadda aka wasa gefe ɗaya fiye da ɗaya, ita ma tana kawo karkarwa, don haka sai ka bambance. Kwance wuƙar, ka rataye ta a kan ƙusa ta ramin tsakiyarta. In gefe ɗaya ya rinjaya, nauyinta bai daidaita ba. Sannan ka mayar da notin tsakiya shi kaɗai, ka cire filogin gaba ɗaya, ka ɗaure hannun birki, wanda ake matsewa lokacin aiki, a jikin mariƙin injin, wani ya riƙa jan igiya a hankali kana kallon notin. In yana juyawa a wuri ɗaya, sandar lafiya lau. In yana rangaji, ta lanƙwashe. Akwai masu miƙe ta da guduma ko da bututu, sai dai ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya yi rauni, ga shi yana ɗauke da wuƙa mai juyawa wajen sau 3,000 a minti ɗaya. Sauya sandar kuwa sai an farke injin kacokan. A ƙaramin injin turawa, wannan aikin ba kasafai yake biyan wahalarsa ba.

Dukan dutsen nan yakan haifar da wata matsalar da mutane ke ɗauka mutuwar inji ce alhali ba ita ba ce. Tsakanin sandar da faifan ƙarfe mai nauyi da ke samanta akwai wani ɗan makulli na ƙarfe mai laushi, an yi shi ne musamman don ya tsinke in an yi karo, ya ceci sandar. Da ya tsinke, lokacin tartsatsin wuta ya goce: injin ya ƙi tashi, ko igiya ta fizge hannunka baya. Makullin yana cikin kayan gyara mafi araha a jikin injin. Kada a maye gurbinsa da na ƙarfe mai tauri, domin karo na gaba sandar ce za ta sha dukan.

Sai cikin injin. Mayar da wuƙar da filogin, in yana tashi ka bar shi ya ɗan yi ɗumi, ka juye baƙin man a mazubi mai tsabta ka kai shi hasken rana. Baƙin launi ba komai ba ne. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe kuwa, musamman in akwai ƙwanƙwasa mai nauyi daga ciki, yana nufin ƙarfe na cin ƙarfe, yawanci saboda an taɓa aiki da shi ba isasshen mai. Hayaƙi ma sai an lura da irinsa. Baƙi yana nuna fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sau da yawa matatar iska ce ta toshe. Fari ko shuɗi da ya biyo bayan kifa injin ko cika masa mai fiye da ƙima zai ɗauke da kansa cikin 'yan mintoci. Wanda bai ɗaukewa, ga mai na raguwa duk bayan aiki, ga bakin filogi jiƙe da maiƙo, shi ne ke nuna ringin fistan da silinda sun cinye.

A nan akwai tarko. Yawancin waɗannan injuna suna da wata 'yar dabara a ciki da ke sassauta matsin iska lokacin tayarwa don igiya ta yi sauƙin ja, saboda haka ma'aunin matsi yakan nuna adadi ƙasa da gaskiya, a yanke wa inji mai lafiya hukunci. In igiya na zuwa sakwaf ba turjiya, a duba gasket ɗin kan silinda, a kuma auna tazarar bawul, wato ƙofofin shigar fetur da fitar hayaƙi. A injunan da bawul ɗinsu ke sama, tazarar takan kasance tsakanin milimita 0.10 da 0.20, ainihin adadin yana cikin littafin injin. Saita ta aikin ɗan lokaci ne.

Kwanon ƙarfe shi aka fi mantawa da shi. Ɗanyar ciyawa takan manne a cikinsa ta riƙe laima, tsatsa ta ci daga ciki alhali fenti na waje yana nan fes. Kankare shi tas, ka bi shi kana dannawa da bakin sukuddireba, musamman inda tayoyi suke ɗaure, da gindin mariƙi, da kewayen notocin da suka riƙe injin. Ƙaramin rami a inda ba ya ɗaukar nauyi ana iya yi masa faci da walda. In kuwa sukuddireba na shigewa a wurare da dama, a haƙura, domin kwanon nan shi ne katanga tsakanin ƙafarka da tsakuwar da wuƙa ta harbo. Wani lokaci kwanon yana da ƙwari injin ne ya mutu. Ana iya ɗora masa wani, muddin kauri da tsawon sandar da ramukan notoci sun dace.

Idan ukun nan sun tsira, ƙin tashi ya koma kan fetur, wuta da iska. Fetur yakan fara lalacewa bayan kamar wata ɗaya a tanki, mai haɗin etanol kuma yana jan laima; in ya bushe sai ya bar danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Injin da ke tashi ya mutu nan take, ko gudunsa na hawa da sauka, nan ne ciwonsa. Zubar da tsohon fetur, kwance ƙoƙon da ke ƙasan kafireta, wanke ramukan da maganin wanke kafireta da siririyar waya mai laushi. Sa sabon filogi mai tazarar milimita 0.7 zuwa 0.8, sauya matatar iska, zuba baƙin mai kamar rabin lita, mai lamba SAE 30 ko 10W-30, kana duba sandar awon mai. In babu tartsatsi, duba wayar hannun birki kafin ka zargi kwayil, wato na'urar da ke haifar da tartsatsin: in ta saki, ba ta buɗe birkin sosai, wuta kuwa ba za ta zo ba. A injin da ke tafiya da kansa, bel da waya masu sauƙi ne. Akwatin giyarsa ne ke da tsada, kuma galibi sauya shi ake yi ɗungurungum.

Wajen lissafi, kada ka tsaya kan abin da ya lalace yau kawai. Haɗa da wuƙar da gefenta ya sirance, da tayoyin da ke rawa, da buhun tara ciyawa da ya yage, da ladan bakanike in ba kai za ka yi ba. In jimillar ta haura rabin kuɗin sabo mai irin ƙarfinsa, sayen sabon ya fi. Shekaru kaɗai ba ma'auni ba ne: awa ɗaya a mako na tsawon makonni 30 awa 30 ke nan a shekara, wato awa 300 a shekara 10, kuma injin da ake sauya wa mai duk shekara yakan kai nan da sauran ƙarfinsa. Ɗauki lambar samfurin daga takardar da ke manne a kwanon, da lambar da ke jikin injin, ka tabbatar ana samun kayansa tukuna.

Injin da ke aiki da batir lissafinsa daban ne. Ba kafireta ba baƙin mai, kusan komai ya rataya a kan batirin, wanda shi ne kaso mai tsoka na kuɗin injin. Gwada shi da wani batir irinsa, ka gwada cajar ma daban, don ka san wanne ne ya gaza. In kamfanin ya daina ƙera wannan nau'in batir, kada ka ƙara zuba kuɗi a kansa ko da na'urar da ke juya wuƙarsa na aiki lafiya.