Yadda Ake Kafa Lambun Unguwa da Mayar da Sharar Kicin Taki

Da wuya a rasa kango ko lungun da ya zama juji a unguwa, alhali irin wannan fili na iya ba gidaje ganye da tumatir, ya kuma rage sharar da ake ƙonawa a bakin hanya. A 2008 wasu mazauna garin Todmorden na Ingila suka fara shuka kayan lambu a gefen titi, duk mai wucewa ya tsinka, suka sa wa shirin suna Incredible Edible. A birnin Habana na Kuba ma, da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991 takin zamani da man fetur suka yi ƙaranci, filayen cikin gari aka mayar lambuna. A ganina, abin da ke raya irin wannan aiki shi ne a gama maganar ruwa da ta rabo tun kafin a taɓa fartanya.

Da farko ku nemo gidaje biyar zuwa takwas da za su fito aiki da gaske. Taron ranar farko kan cika, amma waɗanda suka dawo mako na huɗu su ne 'yan lambu. Sai ku nemi izinin mai filin ko hukumar yankin a rubuce, da adadin shekarun da aka ba ku.

Bayan haka ku duba filin da kyau. Yawancin kayan lambu na bukatar rana ta awa shida a kullum. Ku kuma tambayi waɗanda suka daɗe a wurin abin da aka taɓa yi a filin. Idan an yi garejin mota, ko an zubar da tsoffin batura, ko an rushe gini mai tsohon fenti, ƙasar na iya ɗauke da gubar dalma, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan ce. A irin wannan hali a kai ƙasar gwaji, ko a kafa akwatunan katako a zuba musu ƙasa mai tsabta daga wani wuri.

Sai ruwa, kuma a nan lambuna da yawa ke mutuwa. Kowace murabba'in mita ta shuka na shan kusan lita 25 a mako, fiye da haka idan ana zafi. Fangali goma, kowanne mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3, murabba'in mita 36 ke nan, wato lita 900 duk mako. Ku yi wannan lissafi a zaune, sannan ku tambayi kanku daga ina ruwan zai fito, wa kuma zai ɗauko shi ranar Talata da safe. Idan amsar ba ta fito ba, ku fara da fangali huɗu. Tara ruwan sama na taimakawa sosai: milimita ɗaya na ruwan da ya sauka a murabba'in mita ɗaya na rufin kwano lita ɗaya ce. A rufe tankin saboda sauro, a kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka don ta riƙe laima. Faɗin mita 1.2 ɗin nan da dalilinsa: hannu zai kai tsakiya ta kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ta danne ba.

Yanzu takin. Ku ajiye bokiti mai murfi a kowane gida don ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, ganyen shayi da ɓawon ƙwai. Ban da nama, mai, kashin kare ko na kyanwa, da leda. A lambu ku tara tsibi mai kusan mita ɗaya ta kowace fuska, kashi biyu ko uku na busassun abubuwa kamar ganye, kara da yagaggen kwali, kashi ɗaya na ɗanye, wato sharar kicin da aka tara a bokitan. Ku yayyafa ruwa, sai ku damƙi kaɗan a hannu ku matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ya fito. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar tsibin za ta yi zafi har ta kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ku juya shi duk mako ko mako biyu. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busassu. In ya ƙi zafi, a ƙara ɗanye da ruwa. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasa. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa, a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa.

Ku fara da abin da ke saurin nuna kamar latas, don mutane su ga amfani da wuri, ku haɗa da wake saboda yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ku rubuta tsarin rabo tun yanzu: nawa na masu aiki, nawa na tsofaffi da marasa hali, nawa za a sayar a sayi iri.

Wayar da kai ma a lambun za a yi ta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi, kuma wanda ya ruɓe a binne cikin juji yana fitar da iskar metan mai ɗumama yanayi. Ku rataye sikeli, yara su riƙa auna bokitan da aka kawo suna rubutawa a allo. Ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, ku gayyato maƙwabta su ga jimillar, ku ba kowa dashe ɗaya a gwangwani, ku kuma rubuta sunan duk gidan da ke son bokiti.