Kafin Ka Sari Sukari, Bi Sawun Buhun Tun Daga Birazil

Na daɗe ina sarin sukari a kasuwar Singa a Kano, kuma abin da ya fi damuna da matasan da ke shigowa harkar shi ne, farashin yau kaɗai suke tambaya. To, ɗan'uwa, buhun nan mai kilo 50 da kake gani, tafiya mai nisa ya yi, kuma a kan hanyar ne kuɗinsa ke hawa ko sauka.

Fara da sanin asalinsa. Yawancin sukarin da muke sha ba raken Najeriya ba ne. A Birazil ake noma shi, musamman jihar Sao Paulo. Da an yanke rake sai a garzaya da shi masana'anta, don in ya kwana biyu zaƙinsa raguwa yake. A matse, a dafa ruwan har ya zama ɗanyen sukari mai ja-ja, a loda shi a jirgin ruwa ba buhu, kamar yashi, daga tashar Santos zuwa Apapa. Nan matatun Dangote, BUA da Golden Sugar ke wanke shi ya yi fari, su sa masa bitamin A, su ɗura a buhu, tirela ta kawo mana Arewa. Muna da gonakin rake a Numan da Sunti, amma har yanzu ba su kusa ƙosar da mu ba.

Da yake haka ne, sa ido a kan kakar Birazil. Daga Afrilu zuwa wajen Nuwamba suke girbi. Amma akwai wani abu da mutane ba su lura da shi: masana'antunsu na iya juya raken ya zama itanol, man mota. In man fetur ya yi tsada a duniya, sai su karkata can, sukari ya yi ƙaranci. Shi ya sa nake sauraron labarin mai kamar mai gidan mai.

Indiya ma kada ka manta da ita. A 2023 damina ta yi musu gardama, gwamnati ta tsuke fitar da sukari, zuwa Nuwamba ɗanyen sukari ya kai wajen sent 28 na dalar Amurka a laba ɗaya a kasuwar New York. Wannan lambar tana intanet kyauta, duba ta ko sau ɗaya a mako. Sai ka haɗa ta da canjin dala, domin da dala ake biyan jirgin. Duk lokacin da su biyun suka tashi tare, bayan 'yan makonni za ka ji a Singa.

Kayan azumi kuwa, ni tun Rajab nake fara tarawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya jira ƙarshen Sha'aban, ya sayi tsada.

Yanzu gargaɗin da ya fi min muhimmanci. Za a turo maka saƙo a WhatsApp, wai ga farin sukari ICUMSA 45 (wato lambar da ke nuna sukari fari ne tas) kai tsaye daga Birazil da rabin kuɗi, tura kafin alƙalami. Kada ka tura. Shigo da ɗanyen sukari da kaso ake yinsa, gwamnati ke ba masu matata, fari kuma harajinsa mai nauyi ne. Na ga wani maƙwabcin shagona ya sayar da fili ya tura, har yau ko ƙwaya bai gani ba.

In kaya sun iso, duba ɗinkin bakin buhu da alamar ido ta bitamin A, ka ɗora biyu-uku a sikeli. Jera su a kan katako, nesa da bango. Danshin Agusta kaɗai ya isa ya dunƙule maka buhu ya zama dutse, kuma mai shayi ba zai karɓa ba.