Fuskokin da za ka riƙa gani a bangon Atina

Ɗan'uwa, kafin bakinka ya iya kalma goma ta Girkanci, idonka zai saba da waɗansu fuskoki da aka zana a jikin gine-gine: maza masu dogon gashin baki da jar hula, wani da hular ƙarfe mai gezar doki, wata mace da bindiga soke a ɗamara. A Atina, babban birnin Girka, bango ba ya hutawa da fenti, amma waɗannan zanen daban suke. Jaruman yaƙin neman 'yanci ne, wanda Girkawa suka fara a 1821 don fita daga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba. Zanen sun ƙaru a 2021, da aka cika shekara 200 da fara yaƙin.

Ka koyi sunayensu. Ba don jarrabawa ba, don kusan kowane gari yana da titi ko dandali da sunan ɗayansu, kuma da su za a yi maka kwatance.

Mai hular ƙarfen nan shi ne Teodoros Kolokotronis, wanda suke yi wa laƙabi da Tsohon Moriya, wato dattijon yankin Moriya da ke kudancin Girka. Shi ya tarwatsa rundunar kwamandan Usmaniyya Dramali Pasha a mashigin Derbenakiya a 1822. Abin da ya fi taɓa min zuciya a labarinsa shi ne bayan an samu 'yancin, gwamnatin ƙasar da ya yi wa yaƙi ta tsare shi a kurkukun Nafpilyo, har aka yanke masa hukuncin kisa a 1834, kafin a yi masa afuwa. Mutum-mutuminsa a kan doki yana titin Stadiyu, gaban tsohon ginin majalisa. Macen kuwa yawanci Laskarina Bubulina ce, ta tsibirin Spetses, wadda ta zuba dukiyarta a jiragen ruwa na yaƙi, ta kuma jagorance su da kanta. Idan kana kallon ƙwallo, filin wasan Olympiacos a Piriyas sunan Karaiskakis yake ɗauke da shi, kwamandan da ya rasu a 1827. Ka duba canjin da ke aljihunka ma: a kan santi 10 na Girka akwai Rigas Fereyos, marubucin da ya yi kiran neman 'yanci tun kafin yaƙin, a kan santi 20 akwai Kapodistiriyas, shugaban ƙasar na farko.

To ga inda nake so ka natsu. Mu galibinmu Musulmi ne, waɗanda aka yaƙa kuma daular Musulmi ce, ga rundunar Ibrahim Pasha ta Masar da ta zo taimaka mata. An zubar da jinin bayin Allah ta kowane ɓangare. A Tiripolitsa, a 1821, mayaƙan Girka sun kashe dubban Musulmi da Yahudawa, har da mata da yara. A tsibirin Kiyos, a 1822, sojojin Usmaniyya sun kashe dubban Kiristoci, suka kwashe wasu dubban suka sayar bayi. Duka biyun gaskiya ne, kuma ya kamata ka san su. Sai dai wurin aiki ko gidan shan kofi ba fagen wannan muhawara ba ne ga baƙon da bai daɗe da sauka ba. Shi maƙwabcinka, wannan fuskar tamkar ta kakansa ce, tun yana firamare yake haddace waƙoƙinta. Ka fara da tambaya: wane ne wannan? Za ka ga dattijo ya gyara zama ya ba ka labari har ka gaji, gobe kuma shi zai fara gaishe ka. Wannan tarihin yana cikin abin da ya sa Atina ta daɗe ba ta da masallacin da hukuma ta amince da shi, sai a ƙarshen 2020 aka buɗe na unguwar Botanikos.

Kada ka manna takardar neman aiki ko ta talla a kan irin wannan zane, kuma ka hana yaranka yi masa rubutu.

Ranar 25 ga Maris, da ake tunawa da fara yaƙin, hutu ne a duk ƙasar. Ofisoshi da yawancin shaguna a rufe suke, ana kuma toshe hanyoyin tsakiyar gari saboda faretin soja a dandalin Sintagma, don haka ka yi cefanenka tun ana gobe. Idan 'ya'yanka suna makarantar gwamnati, mai yiwuwa a sa su cikin faretin ɗalibai. Ka tambayi malaminsu irin kayan da za su sa. Abincin ranar soyayyen kifi ne mai gishiri da ake kira bakaliyaros, da haɗin tafarnuwa. In an miƙo maka, ka tambaya ko an sa giya a kwaɓin fulawar, don wasu suna sawa. Gaisuwar ranar ita ce “Huroniya polla”, wato Allah ya ba da shekaru masu yawa, kuma da ita ake amsawa.