Yadda Ake Goge Fentin Mota da Inji Don Cire Karce

Masu motoci da dama sun nemi a bayyana musu wannan aiki, to ga matakansa a jere.

1. A wanke motar sosai, domin ƙwayar yashi guda da ta maƙale a soson inji ta isa ta ɓata ƙofa sukutum.
2. A ajiye ta a inuwa har jikinta ya bushe ya huce.
3. A gwada karcen da farce. Idan farcen ya maƙale, karcen ya yi zurfi, sai mai fenti.
4. A rufe robobi da fitilu da tef ɗin takarda.
5. A ɗiga ɗigo 4 na man gogewa a kan soson.
6. A dangwala man a fili mai faɗin santimita 50 kafin a kunna injin.
7. A kunna shi a ƙaramin gudu, soson na kwance a jikin motar.
8. A ƙara gudu, a riƙa tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa.

Hattara: kada a tsaya wuri ɗaya, musamman a gefuna da kusurwoyi inda fentin ba shi da kauri, domin zafin injin yana ƙona shi, kuma gogewa ba ta gyara ƙuna.

9. A share ragowar man da tawul mai laushi.
10. A haska tocila a duba ko zanen nan mai kama da saƙar gizo ya ɓace.
11. A shafa kakin mota domin ya kare fentin daga rana da ƙurar hunturu.