Yadda ake mayar da kilomitar gaskiya a kontar mota bayan an canza tablo

Bara da zafin Afrilu tablon Corolla ta ya mutu a nan Tawa, gilashin lambobin ya yi baƙi ƙirin, allurar esansi ma ta kwanta. Wani ƙanena ya samo min wani tablon a Yamai daga jikin motar da ta yi hatsari, aka ɗaura, komai ya kama, amma lambar da ke ciki ta waccan motar ce ba tawa ba. To ga yadda ake gyara wannan, don na sha yawo kafin in gane kan abin.

Tun kafin a taɓa turnabis, ka nemo lambar tsohon kontar ɗinka. In yana ɗan nunawa ko dishi-dishi ne ka ɗauki hoto da salula. In ya mutu gaba ɗaya sai ka duba ƴar takardar da ake rataya maka lokacin bidanji, ko faktir ta gareji, ko takardar bizit teknik in an rubuta, sannan ka ƙara tafiyar da ka yi tun daga ranar. Ni na je Yamai na dawo sau biyu da mataccen kontar, Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Doso kusan kilomita 550 ne, ka ga sama da 2,000 ke nan da babu inda suka shiga, sai da na haɗa su da hannu.

Sai abin da ke kayar da mutane da yawa, mil da kilomita. Motocin da ake sauko da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, na Turai da Kanada kilomita, kuma mil 1 kilomita 1.609 ne. In tsohon naka ya tsaya a mil 150,000 kuma sabon na kilomita ne, to 241,350 za a rubuta ba 150,000 ba. Yaron garejin da na fara zuwa har ya ɗauko waya zai kwafe lambar yadda take, na ce tsaya ƙane, duba ƙasan gilashin nan mi aka rubuta. Ya ce wallahi Alhaji ban lura ba. Da na yi shiru da motar ta koma yarinya da kusan kilomita dubu 90, kuma ni zan cutu ranar canjin mai da sauran kayan da ake bi da lissafin tafiya.

Ka kuma gwada lambar kaya da ke manne a bayan tablo biyun, su zo ɗaya ko dai na injin ɗaya da boyit ɗaya, don na otomatik da na biteshin hannu ba lallai su yi daidai ba ko da fishin ya shiga.

Yanzu aikin kansa. A cire kan batir tukuna, a kwance tablon, a zare fishin baya a hankali don robar ta sha rana tana karyewa kamar busasshen kara. A yawancin Toyota lambar tana cikin wata ƴar ƙwaya baƙa mai ƙafa 8 a jikin farantin lantarki na cikin tablon, EEPROM sunanta, za ka ga an rubuta 93C46 ko 93C56 ko 93C66 a bayanta. In tablo biyun iri ɗaya ne sak kuma ƙwayar tsohon ba ta ƙone ba, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗago ta a dasa a sabon, shi ke nan lambarka ta dawo ba lissafi. Shawara ta kar ka ba mai gyaran wutar mota wannan ɗaurin dalma sai in ka san hannunsa, masu gyaran salula sun fi iya shi, su ke da iskar zafi da hannu mai sanyi, kullum abin da suke yi ke nan.

In kuwa ba iri ɗaya ba ne, kamar nawa da ya tashi daga mil zuwa kilomita, sai a rubuta da na'ura. Ana maƙala wa ƙwayar ɗan matsi a haɗa da kwamfuta, ko a yi da akwatin gyaran kontar irin Digiprog 3, wasu motocin ma ta ramin OBD mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari ake shiga ba sai an buɗe komai ba. Nan ka tsaya a kansa: ya fara karanta abin da ke cikin ƙwayar ya adana kwafi kafin ya rubuta ko harafi ɗaya, don lambar ba a fili take ba, a dunƙule take, kuma a ƙwayar nan akwai saitin allurai, in aka ɓata babu kwafi to tablon ya zama kwalliya. In sai an cire allurai kafin a kai ga farantin, a sa alama inda kowace ta kwanta, in ba haka ba esansi zai ƙare maka a dajin Badagishiri allura tana nuna rabi.

Motocin Turai kuwa sai a hankali. Peugeot irin 307 tana ajiye lambar wuri biyu, a tablo da akwatin BSI, wato kwamfutar da ke kula da kayan wutar motar, kuma babbar lamba take ɗauka, in ka jona tablo mai kilomita sama da naka don gwaji kawai, ta haɗiye, saukowa sai da na'ura. Don haka a gyara lambar a kan tebur kafin a jona. Golf 4 kuma na'urar hana sata tana cikin tablon, in ba a haɗa ta da makullinka ba mota za ta tashi ta mutu nan take. Tsohuwar Hilux mai lambobi masu juyawa ita ba ruwanta da kwamfuta, a buɗe a jujjuya ƙafafun da hannu a jera su daidai.

Masu Corolla ta 2003 zuwa 2008, ku sani kontar ɗinta yana tsayawa cak a 299,999, ba lalacewa ya yi ba haka aka ƙera shi, don haka in lissafinka ya haura nan a kilomita gara ka nemi tablo mai mil.

Bayan an mayar, a kunna kontak a ga fitilu duk sun kama sun mutu, sannan ka hau kwalta ka gwada da GPS na salula, in ka yi kilomita 10 kontar ma ya ƙara 10 ko kusa da haka. In duk an rasa mai na'ura, ka rubuta ranar canji da lambar tsoho da ta sabo a takarda ka manna a ginshiƙin ƙofar direba, wata kuma ka ajiye tare da kartigiri. Ni ko da aka rubuta min lambar daidai sai da na manna, na bi ta da salatif mai faɗi saboda ƙurar hunturu.